Hannu a Baya

Ɗalibanta ne suka laƙaba mata Hannu-a-baya, kuma ba don ƙauna ba. Duk wanda ya shiga ajinta, darasin farko ke nan: ya mai da hannayensa baya ya harɗe, ya tsaya yana kallon tsoho yana kokawa da kujera. Ba cicciɓawa, ba "kawo in yi miki, Kaka". Ka matso kusa, ka sa ido, kafaɗarka a shirye ko da zai yi tangaɗi, amma tashin nasa ne.

A da malamar wasanni ce a makarantar 'yan mata. Ta yi shekaru tana busa usur a rana har muryarta ta zama irin wadda ake ji daga bakin titi. Da ta yi ritaya zaman gida ya gundure ta, sai ta je ta yi kwas, wata ƙungiya ta ɗauke ta tana koya wa masu kula da tsofaffi yadda ake motsa musu jiki. Ajin zaure ne mai fanka ɗaya da ke kuka, da kujerun roba, da robobin ruwa da aka ɗura wa yashi don ɗagawa. Tsofaffin unguwa kan zo a gwada darasi da su, rabi don lafiya, rabi don su ji ta tana zazzaga wa yara masifa.

"Ke mai jan gyale! Wa ya ce ki miƙa masa sandar?"

"Malama, ai babba ne. Na ga da kunya in tsaya ina kallo."

"To sannu, sarkin ladabi. Yau ki miƙa masa sanda, gobe ki sa masa takalmi, jibi ki ɗauke shi kacokan. Kafin shekara kin kashe masa ƙafa, kuma kowa na sa miki albarka."

Abin takaicin, matar da ta tayar da iyayen mutane tsaye, tata uwar tana can a zaune a gidan babban wansu.

Inna santsi ne ya kwashe ta a banɗaki. Ba karaya, ba gocewar ƙashi, ɗan kumburi ne a ƙugu, likita ma cewa ya yi ta huta kaɗan ta ci gaba da takawa. Amma Yaya ɗan kwangila ne, mutum ne da bai san wata matsala da ba a sayo maganinta a kanti ba. Washegari sai ga keken guragu sabo fil, ledarsa ma ba a cire ba. Ya ɗauko mai kula, ya kafa doka: ƙafar Inna kada ta ƙara taɓa ƙasa. Dangi suka yi ta tururuwa suna shafa keken suna cewa haihuwa ta yi rana.

"Yaya, wallahi keken nan ne zai gama da ita," Malama ta ce da shi.

"Ke je ki busa wa yara usur ɗinki. Uwata ba za ta yi tsalle-tsalle da tsufanta ba."

"Uwarka kai kaɗai? Mu daga sama muka faɗo?"

Ya kaɗa makullin mota ya fice.

Inna kuwa mace ce da ba a taɓa sanin ta da zama wuri ɗaya ba, ga kunyar tsiya: ko 'ya'yan cikinta ba su taɓa ganin ta ba ɗankwali ba. Yanzu ga ta ana kawo mata fo har gado. Wata rana ta ja hannun 'yarta, wadda har yau da furfurarta Auta take ce mata, ta yi ƙasa da murya.

"Auta, ni ba kasuwa nake son zuwa ba. In shiga banɗaki da ƙafata, in ja ƙofa da hannuna. Shi ke nan."

Mai kula da Inna wata baiwar Allah ce da 'yan gidan ke kira Shiru-shiru. Malama ta jawo ta aji a ranakun hutunta, kuma ba ta taɓa samun ɗaliba irinta ba. Da Yaya ya fita aiki da safe sai Shiru-shiru da Inna su fara: juya idon sawu, ɗaga dunduniya, miƙe gwiwa a zaune. Daga nan Inna ta kama ƙarfen taga ta miƙe, tana haki tana zagin gwiwoyinta. A hankali ta kai bakin gado, ta kai gaban madubi. Saura ɗan lungun da ya raba ɗakin da banɗaki.

Rannan Yaya ya manta wayarsa ya dawo. Yana tura ƙofa ya ga uwarsa a tsakiyar ɗaki, tsaye, tana rawar jiki, gumi na zuba, ga 'yar aiki a gefenta ta harɗe hannu a baya.

Bai tambayi komai ba. Ya sunkuci Inna ya dangwarar a keke tana cewa "tsaya, tsaya mana", ya sa aka watso kayan Shiru-shiru waje. Ya kira ƙanwarsa ya ce mata marar imani, ya ce da maigadi kada ya kuskura ya buɗe mata ƙofa in ba ya gida. Ta je gun kawunsu, ta je gun 'yan uwa, ta yi faɗa har muryar nan tata ta dushe. Kowa amsa ɗaya: ki yi haƙuri, yana ƙoƙari, wasu ma ba sa waiwayar iyayensu. Ya ɗauko sababbin masu kula guda biyu, ƙarfafa, masu biyayya, waɗanda ko kofi ba sa bari Inna ta ɗaga.

Da aka sasanta su, watanni sun shuɗe. Malama ta shiga ɗakin ta yaye zanen da aka lulluɓa wa Inna, ta ga ƙafafun sun tsotse kamar muciya. Zuciyarta ta tafasa, amma ta danne. Ta tura keken bakin taga, ta koma gefe, ta mai da hannu baya.

"Bismillah, Inna. Kama ƙarfen."

Inna ta kama. Ta ja, ta cije leɓe, jijiyoyin wuyanta suka miƙe. Ko tashi daga mazaunin ba ta yi ba.

Yaya yana bakin ƙofa yana kallo, idonsa taf da hawaye, kuma hawayen gaskiya ne, abin da ya fi ƙona mata rai ke nan.

"Kin gani ko?" ya ce a hankali. "Da ban sayi keken nan ba, da yanzu ina za mu sa kanmu?"

Ta buɗe baki. Da ta faɗi abin da ke bakinta a ranar, da zumuncin ya rabu har abada, sai Inna ta taɓa ta.

"Auta, bar shi. Fitsari ya matse ni. Ɗauke ni."

Ta warware hannayenta. Ta ɗauki uwarta, ba nauyi ko kaɗan, ta ratsa lungun nan da ita ta zaunar da ita a banɗaki, ta riƙe ta don kada ta kife. Daga falo tana jin Yaya a waya yana ce wa wani, "Alhamdu lillahi, muna iya bakin ƙoƙarinmu."

Inna ta kalli ƙofar da ke buɗe, ta miƙa hannu, bai kai ba.

"To ki juyar da fuskarki dai," ta ce.