Fitilar Banɗakin Darakta

Har in bar duniya ba zan manta da ranar da aka ba ni kwiri, wato takardar tuhuma, a kan ƙwan fitilar banɗaki ba. Ku da kuka shigo aikin lantarki kwanan nan ku kasa kunne, don ba a koyar da wannan a makaranta.

A lokacin ni ne shugaban masu gyaran wuta a wata hukumar gwamnati da ke wajen Wuse, saura 'yan watanni in yi ritaya. Sunana a takarda Abdullahi Ilu, amma daga maigadi har Darakta ba wanda ya san ni da wani suna sai Audu Wuta. Damuwata ɗaya ce a duniya, ƙarin girma. Fayil ɗina ya hau ofishin Darakta shekara da shekaru, ya yi zamansa. Ga wanda bai san aikin gwamnati ba, matakin da ritaya ta riske ka a kai, da shi za ka ƙarasa rayuwarka, kai da iyalinka. Su Bitrus da Garba da muka shigo tare duk sun wuce ni. Ni da Abdulƙadir direba kuwa kamar an dasa mu. Har na fara zargin dangin babana, Allah Ya yafe mini.

Shekarar da kuɗin dizal ya fara gagarar ma'aikatu, sai umarni ya zo daga hedikwata cewa a cire tsofaffin ƙwayayen fitila a sa masu ƙarancin cin wuta. Banɗaki kuma a haɗa masa sensa, wato 'yar na'urar da ke kunna fitila in ta ji motsi, ta kashe in ta ji shiru. Aka kuma gargaɗe mu cewa duk wanda ya cire sensa ya kuka da kansa. Muka sa ko'ina, har banɗakin Darakta da ke cikin ofishinsa, wanda ba shi da ko taga. Nasa ma don girmamawa na murɗa lokacin har ƙarshe, iyakar da na san ba ɗan Adam ɗin da zai kai ta a tsugune. Na rubuta bayanin yadda abin ke aiki, na sa hannu, na tura sama.

Daraktanmu Alhaji Gwadabe, dattijo ne mai ibada da kunya, bai iya korar baƙo ba. Tun safe ofishinsa cike yake: 'yan garinsu, masu nema wa ɗa aiki, masu kawo goron ɗaurin aure, da waɗanda suka zo gaisuwa kawai kuma ba su san hanyar tashi ba. Amma abin mamaki, an san shi da saurin sa hannu a fayil. Ba wanda ya taɓa tambayar yaushe yake samun lokacin karantawa.

Kwana kaɗan da sa sensa, sakatariyarsa Madam Ladi, mutuniyar Kwali, ta kira ni. "Audu, ka zo maza. Wutan bayi na oga ya mutu, yana fushi."

Na hau da tsanina. Ina tura ƙofa fitila ta kama tarwai. Na duba waya, na duba sensa, lafiya lau. Washegari ta sake kira. Na canja ƙwai. Jibi na canja sensar ɗungurungum. Kullum in na shiga, fitila sai ta yi kamar ba ita ba.

Na tambayi Madam Ladi me ya sa Oga ba ya kira a lokacin da abin ke faruwa, in zo in gani da idona. Ta ce ai ba ya magana, sai dai ta ji yana ta gyaran murya, ita kuma ta ɗauka mura ce. Nan na gane. Mutum irin Alhaji ko gobara ta tashi ba zai buɗe baki a banɗaki ba. Ni ma haka aka tarbiyyantar da ni, ba a magana a ciki, ba a amsa sallama. To ga duhu, ga baki a ɗaure. Abin da ya fi tayar masa da hankali shi ne, da zarar ya miƙe zai lalubi ƙofa sai fitila ta dawo, kamar wani ne ke masa wasa. Kun kuma san su wa aka ce suna zama a banɗaki.

Ranar wata Juma'a sai ga wani malami an ɗauko daga Jiwa. Ya shiga yana yayyafa ruwa lungu-lungu, yana kai da kawowa, fitila ba ta ko ƙifta ba. Ya fito ya ce sun tashi. Ranar Litinin suka dawo.

Sai aka kafa kwamiti. Wallahi da idona na ga manyan jami'ai, har da mai digiri biyu, sun cunkushe a banɗaki ɗaya sun ɗaga kai suna kallon ƙwan fitila. Wannan ya share zufa, wancan ya gyara hula, wani ya ce a matsa an taka masa ƙafa. Ina fitila za ta mutu? Suka rubuta rahoto cewa fitila ba ta da laifi, a binciki mai gyara.

A tsakanin nan kuma aikin hukuma ya tsaya cak. Ba fayil ɗin da ke saukowa. Masu hutu ba su samu hutu ba, 'yan kwangila sun cika baranda. Ba wanda ya haɗa wannan da wancan, har ni.

Ba a jima ba aka miƙo mini kwiri. Kwiri a fayil ɗin mai jiran ƙarin girma, ai magana ta ƙare. Na je na zauna a bencin Madam Ladi. Ta dube ni, ta dubi ƙofa, ta rage murya.

"Audu, zan gaya maka abu, amma ba daga bakina ka ji ba. Oga in ya shiga wurin nan bayan shayi, sai kusan azahar yake fita. Kuma ka duba babban rigansa. In zai shiga yana da tumbi, kuma tumbin yana da kusurwa huɗu."

Na ce, "Kusurwa huɗu?"

Ta ce, "Fayil, Audu. Fayil."

Tabɗi! Ashe hukuma gaba ɗaya a banɗaki ake tafiyar da ita. Mutum ya rufe murfin masai ya zauna, ya natsu yana karatu ko motsi ba ya yi, sensa kuwa ta ɗauka ya tafi gida.

To gane ciwo daban, faɗa wa dattijo daban. Yaya zan dubi sa'an yayana, shugabana, in ce masa ya cika daɗewa a bayi? Na jira har baƙi suka fita sallar la'asar, na shiga na durƙusa.

Na ce, "Ranka ya daɗe, na gano matsalar. Fitilar nan ba ta jituwa da mutum mai natsuwa. In ta ji shiru ya yi tsawo, sai ta kashe kanta. In aka ɗan ɗaga hannu za ta dawo."

Ya cire tabarau. Na ga kunya ta rufe shi, har ni ma na sunkuyar da kai.

Can ya ce, "Ba aljanu ba ne ke nan?"

"Ba su ba ne, ranka ya daɗe."

"Audu, rufe ƙofar nan." Na rufe. Ya ce, "Duk faɗin Abuja, wurin nan ne kaɗai in na shiga ba mai ce mini ranka ya daɗe. A gida baƙi, a ofis baƙi, a masallaci ina sallamewa mutum na miƙo mini takardar ɗansa. In na ce ina aiki, su ce za su jira, su zauna suna kallona. Amma in na ɗauki buta, ko minista ne sai ya yi haƙuri. Me ya sa ba ka yi mini bayanin na'urar nan tun farko ba?"

Na ce na rubuto. Ya tambayi da wane suna. Na ce da sunana, Abdullahi Ilu.

"Wane ne Abdullahi Ilu?"

"Ni ne, ranka ya daɗe."

Ya dafe kai. "Inna lillahi! Ba Audu ba ne kai?" Sai ya nuna mini wata kanta a bayan kujerarsa, fayil a jibge har sun kusa taɓa silin, ƙura ta yi musu hula. Ya ce, "Takardar da ke ɗauke da sunan Allah ba na shiga da ita wurin nan. Duk wani Abdullahi, Abdurrahman, Abdulƙadir, nan nake ajiye shi da niyyar in karanta a kan tebur in na samu sarari." Ya yi ajiyar zuciya. "Ban taɓa samun sararin ba."

Jama'a, ban san ko in yi dariya ko in yi kuka ba. Shekarun da na yi ina zargin mutanen ƙauyenmu, ashe darajar sunana ce ta hana ni ci gaba. Su Bitrus da Garba sun bi ta banɗaki sun wuce, mu bayin Allah an girmama mu an ajiye a kanta. Na so in ji haushinsa, na kasa, don hawaye na gani a idon dattijon.

Ya ce, "Yanzu yaya za a yi? In na ce zan karanta su a nan, kafin in buɗe shafin farko wani ya yi sallama."

Na ce ya ba ni zuwa Litinin.

Kusa da banɗakin akwai wani ɗan sito da muke tara matattun ƙwayaye da tsofaffin wayoyi. Ranar Asabar na kwashe shi tas, na share, na sa kujera da ɗan tebur, na ɗaura ƙwai mai ƙarancin cin wuta, mai makunni irin na da. Umarnin hedikwata banɗaki ya ambata, bai ce sito ba. Sannan na je kasuwar Wuse na sayo allon nan da ake mannawa a ƙofar bayi, na buga masa ƙusa a ƙofar sito.

Ranar Litinin, ofis cike da baƙi, Alhaji Gwadabe ya miƙe, ya ɗauki butarsa, ya ce a gafarce shi. Kowa ya kawar da kai cikin ladabi. Ya shige sito da tumbinsa mai kusurwa huɗu.

Kafin wata ya ƙare, duk wani Abdul da ke hukumar ya ga takardarsa. Abdulƙadir direba ya yi ta raba alewa yana cewa addu'ar malamin Jiwa ce ta ci. Har wani Abdussalam da ya bar aiki ya koma sayar da taya a Kano aka nemo, aka ce an amince masa da hutun da ya nema. Ni kuma aka janye kwiri, ƙarin girmana ya fito ana gab da sallamata. Da shi nake cin tuwo yau.

Abin da na koya shi ne, kafin ka taɓa fitila, ka fara sanin wa ke zama a ƙarƙashinta da abin da ya kai shi. Mu waya muke gani, ba ma ganin mutum.

Bara na leƙa hukumar gaishe da Madam Ladi. Alhaji ya yi ritaya, an kawo wani matashi mai kwat. Ta ce makon farko ya yi ta faɗa, wai wane irin banɗaki ne wannan ba masai sai tebur, a cire allon nan. Na tambaye ta ko an cire.

Ta nuna mini ofis cike da baƙi, kowa ya yi jugum, kujerar Darakta ba kowa. Ta ce, "Yi magana a hankali, Audu. Ya sayi buta."