Ɗan Farina da Bajamushiyar Lyon

Ni ban taɓa kiran sunan ɗan farina ba. A Damagaram haka muka tashi: ɗan fari ba a kiran sunansa, ba a yi masa wasa a gaban mutane. Tun da aka yaye shi uwata ta ɗauke shi, ya girma cikin ƙannena, ya ji suna ce mini Yaya, shi ma ya kama. In zan yi zancensa sai in ce "wannan yaro", kowa kuma ya san wanda nake nufi. Kunya ce, kuma ita ce adon mace mai asali.

Da Alhaji maigidana ya buɗe mangaza, wato kantin atamfa da takalma, a Aubervilliers can Faransa, ya ɗauko ni da ƙananan yara muka zauna. Yaron kuwa ya samu karatun injiniya a Villeurbanne, can wajen Lyon, ya kama ɗaki a gidan wata Bajamushiya wadda mijinta Bafaranshe ya rasu.

Duk hutun da ya zo ba shi da zance sai nata. Muti ta ce kaza, Muti ta dafa kaza, Muti ta saƙa masa rigar sanyi. Na ɗauka sunanta ke nan. Sai ranar da ƙanwarsa, wadda bakinta ba ya riƙe komai, ta same ni ina tuƙa tuwo ta ce, "Inna, kin san mene ne Muti? Uwa ke nan da Jamusanci." Na ci gaba da tuƙi. Amma tuwon ranar gudaji ya yi.

Shekarun nan tele ba ta da aiki sai nuna Jamusawan Yamma sun cika titi suna zanga-zanga, sun riƙe hannuwan juna daga gari zuwa gari. Yaron ya bayyana mana: ƙasar an raba ta biyu, Amirka ta riƙe yamma, Rasha ta riƙe gabas, kowa yana kafa makamai masu linzami yana auna ɗan'uwansa. Na ce to, ƙattai biyu za su yi kokawa, sun rasa fili sai tsakar gidan mutane.

Ana cikin haka ya zo da albishir. Ƙanen Muti yana da masana'antar injuna a garinsu, dab da iyakar, ya ce in yaron ya gama karatu ya zo akwai aiki. Alhaji har da gyara zama. Ya ce Jamusawan Yamma sun yi arziki, Amirka ta tsaya musu don kada a ga ɗaya ɓangaren ya fi su, duk wanda ya shiga wurinsu ya warke. Na ce ban yarda ba. Na faɗa ta bakin Alhaji, na faɗa ta bakin gwaggonsa, har na daure na faɗa masa da kaina, ina kallon bango. Ya yi dariya ya ce, "Haba Yaya, tele ce ke tsorata ki."

Na ce a kai ni Lyon.

Na ɗaura atamfar da ta fi kowace tsada a mangazar, na zuba zinariyata, na ƙulle kilishi da dambun nama. Yaron ya tarye ni a gar, tashar jirgin ƙasa, muka je. Bajamushiyar ta buɗe ƙofa, doguwa, gashi a aske kamar na namiji. A gabana ta rungume shi, ta yi ta rangaɗa sunansa kamar mai talla. Sunan da na riƙe a ciki tun ranar suna, ita tana watsa shi a bakin ƙofa! Ta miƙo mini hannu da fara'a ta yi magana, na ga yaron ya fara gumi.

Na ce, "Me ta ce?"

"Ta ce... sannu da zuwa."

"Sannu da zuwa ba ta kai tsawon haka ba."

Ya sunkuyar da kai. "Ta ji na ce Yaya, kuma na taɓa gaya mata ma'anarta. Tana tambaya yaushe uwar tawa za ta zo."

Na ce, "Gaya mata ni na haife ka." A rayuwata ban taɓa furta wannan magana ba sai ranar, kuma saboda wata na furta.

Ta yi ta ba da haƙuri, ta kawo kafe, wato gahawa, da wani biredi mai tuffa. Ba zan yi ƙarya ba, ya yi daɗi, shi ya sa ban ƙara ba. Ta ɗauko hotunan garinsu, yaron yana yi mana tafinta. Ga tankokin Amirka sun bi ta gonar dankalin ubanta sun mai da ita laka. Ga gadar garin, an yi mata ramuka masu murfi inda za a zuba nakiya a tashe ta in Rasha ta taso. Ta ce jiragen yaƙi suna wucewa ƙasa-ƙasa har kwanuka su yi ƙara, kowane gida kuma ya tara abincin gwangwani a ɗakin ƙasa. A gefen tebur ga kwali tana cikawa da kafe da sabulu, za ta aika wa yayarta da ta rage a gabas.

Na ga hoton wani saurayi a bango na ce, "Tambaye ta, wannan fa?"

Ɗanta ne. Ya ƙi aikin soja, ya koma Berlin, birnin da aka zagaye da katanga, don can ba a ɗaukar samari dole.

Na ce, "Tambaye ta: nata ya gudu daga garin, nawa za ta tura?"

"Yaya, ba a faɗar haka."

"Ka faɗa yadda na faɗa, kada ka sa masa sukari."

Ya faɗa. Ta kalli hoton. Can ta juyo ta dafa kumatunsa, ta yi masa doguwar magana a hankali, sunansa yana ta fitowa a ciki. Shi kuwa sai gyaɗa kai yake kamar ɗan yaye.

Na ce, "Yanzu kuma me ta ce?"

"Ta ce kina da gaskiya, in zauna a Faransa."

"Kai kuma ka ce me?"

"To, tunda Muti ta ce."

Ya zauna. A Lyon ya yi aiki, a nan ya yi aure. Matan kartiyenmu, wato unguwarmu, suka yi ta yi mini barka, wai na iya magana, na ƙwato ɗana daga bakin wuta. Ina amsawa, amma ni na san abin da na ji da kunnena. Na yi ta faɗa wata da watanni ya mai da ni abin dariya, ita ta faɗa sau ɗaya ya ajiye jaka. Makaman ba su tashi ba, katangar ma daga baya aka rushe ta, amma wannan "tunda Muti ta ce" har yau tana nan inda ta tsaya mini.

Da zan fito ta cusa mini ƙunshin kafe a hannu, irin wanda take aika wa yayarta. Na karɓa, don ba a mai da kyauta. Ina isa Aubervilliers na ba maƙwabciyata.