Kyamarar Malam Ma'aruf

Malam Ma'aruf maƙwabcina ne a East Greensboro, a nan ƙasar waje, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai cikin ladabi irinsa ba. A gida direban Kano zuwa Jos ne. A nan kuwa da motarsa yake kai tsofaffi asibiti, a ƙarƙashin wani kamfani. Bara ya gogi motar wani, kamfanin ya ja masa kunne: in aka sake samunsa da laifi, aikin ya ƙare.

Shi ya sa 'yarsa Rahina ta liƙa masa kyamara a bayan madubin motar, don ta zame masa shaida. Ta yi bayani, ni ma na yi har bakina ya gaji: a jihar nan doka ba ta hana ba, muddin ba ta kare wa direba ganin hanya ba.

"Na ji, Alhaji," in ji shi. "Amma folis folis ne. Ka yi rikodin ɗinsa ka ga yadda za ku ƙare."

A hanyar Jos ya koyi wannan karatun, ranar da 'yan sanda suka fasa wa fasinjansa waya a shingen bincike don yana ɗaukarsu a bidiyo. Don haka da ya hango 'yan sanda sai ya zare filogin kyamarar, in ya wuce ya mayar. Abin yana ƙona mini rai!

Wata Talata a kan titin Wendover ya hango 'yar sanda a gefen titi, ya zare. Nan take wata farar mota ta yanko gabansa ba sigina, ta taka birki, ya daki bayanta. Mai motar ya fito yana rantsuwa cewa tuntuni yana kan layinsa.

'Yar sandan ba ta ga komai ba, ta ba titi baya a lokacin. Da ta ga kyamarar ta ce madalla, ya nuna mata bidiyon. Ya ce ya kashe. Ta tambayi dalili.

"Na ce mata don girmamawa ne," ya gaya mini, ko kunya babu.

Shi ya daki baya, shi aka rubuta wa laifin. Kafin Juma'a kamfanin ya sallame shi.

Na shiga gidansa da niyyar wanke shi tas, sai wayarsa ta yi ƙara. Mama Zipporah ce, tsohuwar da yake kaiwa wankin ƙoda, tana tambayar ko lafiya aka turo mata wani direban. Sai ya miƙo mini wayar, wai ni in yi mata bayani.