Amsoshi Biyu na Nura

Har yau ranar da na ƙaryata Issaka a gaban likita ba ta fita daga raina ba. Lokacin ina aikin tafinta a wani asibiti a Doha, korona ta fara lafawa, gari na ta shirin gasar cin kofin duniya. An fassara tambayoyin gano masu jarabar ƙwaya zuwa Hausa, ana so a gwada ingancinsu. Ƙa'idar ita ce a yi wa mutum tambayoyin sau biyu, mako guda tsakani, kowane karo da tafinta daban. In amsoshin suka zo ɗaya, fassara ta yi.

Mu biyu ne, ni da Issaka ɗan zangon Kumasi, wanda kullum nake tsokana cewa Hausarsa ta fataken goro ce.

Aka kawo Nura, mai gadi a Lusail, yana fama da ciwon baya. Ina buɗe baki ya gane ni duk da takunkumi. Ɗan Funtuwa ne, aji ɗaya muka yi da mahaifinsa. Ya durƙusa ya gaishe ni. Na tambaye shi ko yana shan tiramol fiye da ƙima, ko jikinsa na rawa in bai sha ba. Duk ya ce a'a, kansa a ƙasa. Ni kuwa na ji daɗi, na ce ɗan gidan mutunci.

Mako na zagayowa Issaka ya zauna da shi. Kusan kowace tambaya Nura ya ce e.

Likitar ta kira mu, ta ce ɗayanmu ya yi kuskure, in kuma na Issaka ne daidai za a ɗora Nura a kan magani. Na ce Hausar Gana ce bai gane ba, ya yi ta cewa e don a ƙyale shi.

Issaka ya ce, "Baba, ya gane sarai. Kunyarka ya ji."

Na ce shi yaushe ya san Nura. Furfura ta yi aikinta, aka ɗauki tawa, aka sallami Nura ba magani.

Ana tsakiyar gasa, da rana tsaka, aka same shi a ɗakin gadi ba ya numfashi, ƙwayoyin a aljihunsa. Ni na buga wa mahaifinsa waya. Issaka ya taya ni wankan gawa.

Fassarar ba ta da laifi ko na kalma ɗaya. Abin da na manta shi ne, Bahaushe ba ya tona kansa a gaban abokin ubansa. Tun daga nan, duk majinyacin da ya durƙusa min, tashi nake in kira Issaka.