Kilen Da Baba Ya Ɗinke A Fata

Shekarar da damina ta yi mana rowa, har dangin Innarmu na Guna suka zo da buhunan wofi maimakon gero, yayana ya ce shi kam Libiya zai tafi. Ina 'yar budurwa a lokacin, kuma ba ni da wanda nake so kamarsa. Samarin layinmu na Kara-Kara da suka hau motar Agadas, wasu har yau ba labarinsu.

Abin da ya riƙe shi a gida rumfarsa ce ta wasan tele, wato talabijin. Tsohon inji ne baƙi, da maneti biyu da ake riƙewa a hannu, yara su biya su buga ƙwallo. Da shi yake auno mana masara. To, sai injin ya fara taurin kai. A sa masa faifai, ya yi ta gurnani, ya ƙi karantawa. Yaya ya goge faifan da bakin rigarsa, ya hura, ya kifa injin, ya lallashe shi, ya zage shi. A banza.

Wani abokinsa mai gyaran tele ya ce akwai dabara. Ya zuba wani ɗan shiri a katin ajiyar injin, wanda zai sa ya rabu da faifai ya riƙa ɗauko wasa daga kile, ɗan abin ajiyar nan da ake sokawa a ordinata, wato kwamfuta. Suka kwashi faya-fayan Yaya zuwa sibar, shagon da ake hayar kwamfuta, suna juye su cikin kilen ɗaya bayan ɗaya. Kuran, wato wutar lantarki, ya ɗauke, su sake daga farko. Ranar da suka gama, Yaya ya shigo da la'asar ya miƙa wa Baba.

"Baba, ka ga wannan? Duk abincinmu yana ciki. In ya yi gobe, na zauna. In bai yi ba, kada kowa ya tare ni."

Babanmu baduku ne, kuma bai taɓa taka rumfar nan ba, shiririta yake ce mata. Ya juya abin a tafin hannunsa.

"Rubutu ne a ciki?"

"Rubutu ne, Baba."

"To," in ji shi, ya mayar masa.

Da safe yara sun cika ƙofar rumfa, kile ya yi ɓatan dabo. Yaya ya rantse cewa a kan tele ya ajiye shi, ita kuwa a gida take kwana. Muka ɗaga tabarmi, muka zazzage kwanuka, Inna har toka ta tona. Sai ya juyo kaina wai ni ce na yi shara.

"Ni? Me zan yi da shi, in dafa? Kai dai neman hanyar tafiya kake yi!"

Ya shiga ɗaki ya jawo jakarsa, ni kuwa na fashe da kuka.

Sai ga Baba ya fito daga zaure, hankalinsa kwance, riƙe da laya sabuwa fil. Jar fatar akuya, ɗinki siriri gwanin kyau, da igiyar da ya tuƙa da kansa. Ya rataya wa Yaya a wuya.

"Abin da ke da rubutu, kuma yake tsare gida, ba a yar da shi a kan tele."

Yaya ya latsa layar, ya ji abin da ke ciki. Wayyo, da kun ga fuskarsa! Baba ya ɗinke kilen ruf, ko ina, ba ƙofa ba taga.

"Baba, ai bakinsa ake sokawa a cikin injin!"

"Soka shi da fatar mana."

"Ba ya shiga!"

Baba ya ɓata rai sosai, ya ce shi tun da yake dukanci bai taɓa farke layar da ya ɗinka ba. Inna ta toshe baki da mayafi, kafaɗunta na rawa. Ni hawaye na zuba, dariya na cin ƙarfina. Da ƙyar ya yarda ya ɗauko wuƙarsa, ya yanka wa bakin hanya, yana mita. Duk da haka sai da ya tsaya ya yi masa ɗan murfi, Yaya na tsaye kamar zai haɗiye zuciya, don tsoronsa kada basilla ta huda abin.

Muka ɗunguma rumfa, har da Baba. Yaya ya yi bisimilla, ya soka kilen, igiyar na reto a gaban injin, ya kunna. Tele ta yi baƙi. Ta daɗe a haka, har wani yaro ya ce ya mutu, na kai masa ranƙwashi. Can sai sunayen wasanni suka fito reras. Yaya ya zaɓi ƙwallo, ihun 'yan kallon cikin tele ya cika rumfar, yara suka ɗauka da nasu. Inna daga cikin gida ta rangaɗa guɗa kamar an kawo amarya.

Baba na tsaye a bakin rumfa, hannu a baya.

"Ya yi?"

"Ya yi, Baba."

"To, je ka gaya wa mai motar Agadas ya ba wani wurinka."

Ashe ya sani. Mu ba mu san Yaya ya riga ya kama wuri ba. Yaya ya sunkuyar da kai, ya miƙa mini maneti, ya fita da gudu ko takalmi bai tsaya sawa ba. Na zauna a kujerarsa, yara na ta yi mini ihu in buga, ni kuwa ko telen ba na gani don hawayen murna.