Farin Rubutun Bu Darsih a Kan Baƙaƙen Taragu

Darsih ba ta taɓa son jirgin ƙasa ba, ko da yake a bakin dogo aka haife ta. Mahaifiyarta a tashar Kroya take sayar da pecel, dafaffen ganye da miyar gyaɗa a ƙunshin ganyen ayaba, tana bin tagogi da tire a ka. Abin da Darsih ta sani game da jirgi tun tana yarinya shi ne yana baƙanta shanya da hayaƙi, kuma yana tashi kafin a gama miƙa wa mai saye ƙunshinsa. Sai ga shi Allah ya haɗa ta aure da Sarwoko, mai kula da birki a jiragen dakon mai da ke tasowa daga Cilacap.

Ita sana'arta bugu. Ta koya a wurin wani mai buga riguna a Purwokerto, ta dawo ta buɗe shago a gaban gida. Katin biki, rigunan 'yan makaranta, ledar masu soya tempe, wato wainar waken soya, duk tana yi. Kayan aikin ba su da yawa. Firam ne na katako da aka ɗaure wa ƙyalle mai ƙananan idanu kamar rariya, a zuba tawada a kai, a ja ta da roba, rubutu ya sauka a ƙasa. Daga baya 'yarta Wening ta koya mata zane a kwamfuta kafin aiki ya kai ta Surabaya.

Da Sarwoko ya yi ritaya, Darsih ta ɗauka gidan zai huta da zancen jirgi. Ashe yanzu aka fara. Ya shiga ƙungiyar masu ƙananan jiragen ƙasa na kwaikwayo, ya kawo faifan katako ya cinye rabin falo, ya shimfiɗa dogo siriri kamar tsinken tsintsiya. Taragun da ake sayarwa duk na ƙasashen waje ne, shi kuwa nasu yake so, baƙaƙen taragun mai da ya kwana a kansu ya tashi a kansu. Don haka ya dinga yanka roba da bututu yana haɗa su da kansa, kowanne bai fi tsawon hannu daga wuyansa zuwa yatsu ba. In ya gama fenti, sai ya ɗauki burushi mai gashi kaɗan ya rubuta lambobi da haruffa da farin fenti, yana riƙe numfashi.

"Pak, baƙi a kan dogo za su zauna?" in ji Darsih. A can Pak ake ce wa babban namiji, Bu kuma babbar mace.

"Su yanki tikiti, Bu. Akwai wuri a tarago na baya."

"Tsoho da furfura yana wasan yara."

"Ke da kike buga sunan 'ya'yan mutane a katin biki, sau nawa aka gayyace ki? Ni ko ba komai jirgina yana dawowa."

Haka suke, kullum.

Wata safiya yana shan shayi kofin ya suɓuce masa, bakinsa ya karkace. An yi sa'a an kai shi asibiti da wuri. Magana ta dawo, ƙafa ta dawo da sanda, amma hannun dama ya ƙi. Yana ɗagawa, yana riƙe cokali da ƙyar, sai dai rawa yake ba ya tsayawa. Akwai taragu da ya gama wa baƙin fenti kafin ciwon, saura rubutu kawai. Ran nan Darsih ta shigo daga shago ta tarar ya gwada. Farin fenti ya yi dabbare-dabbare a jikin tarago kamar kashin tsuntsu, burushin yana ƙasa, shi kuma ya juya fuska bango.

Washegari ya kwashe taragun duka ya zuba a kwali, ya tura ƙarƙashin gado da sandarsa.

"Ga falonki nan, Bu. Kira baƙinki."

Ta bar kwalin inda yake. Amma ta ga yadda ya koma. Ya daina zolayarta, ya daina gardama da rediyo, ko jiniyar jirgin la'asar ta yi ba ya ɗaga kai ya faɗi ko wane ne, alhali da ba ya bari ta wuce. Mutum ne ya zauna yana jiran abinci da barci. Wannan ya fi rawar hannun tayar mata da hankali.

Sai ta ce a ranta, rubutu ne dai. Ita da ta ƙare rayuwarta tana sa rubutu a kan kaya?

Ta jawo kwalin, ta ɗauki tarago ɗaya ta kai shago. Gwajin farko da sitikar da take yi wa masu kwalaben zuma ta yi. Ta buga lambobin, ta yanka, ta manna, ta kawo masa. Ya juya taragon a hannun hagu, ya daɗe yana kallo.

"Wa ya ji wa taragona ciwo har aka sa masa filasta?"

Haushi ya kama ta, amma ta lura wannan ce zolaya ta farko tun dawowarsa daga asibiti. Ta karɓe abinta ta koma.

Wening ce ta gaya mata a waya cewa akwai wata takarda da masu ƙananan jirage ke amfani da ita. A kanta akwai fata siririya kamar ɓawon albasa. A buga rubutu a kai, a tsoma a ruwa, fatar ta saki takardar ta zame, a kwantar da ita a jikin tarago ta lafe kamar da fenti aka rubuta. Ta aiko mata da ita daga Surabaya. Darsih ta buga da firintar shago, ta tsoma a faranti, tana kallo tawadar ta narke ta bi ruwa. Ta sake, ta fesa fenti marar launi a kai don ya riƙe tawadar. Wannan karon rubutun ya tsaya. Ta zame shi a kan baƙin tarago, sai ya ɓace ɓat. A nan ta tuna abin da ta daɗe da sani: firinta ba ta da farar tawada. Farin da ake gani a bugu na takarda ne.

"Bu, sai an sayi wata na'ura ta musamman," in ji Wening a waya. "Ko a aika waje a bugo."

"A bugo wa? Sun san harafin taragun Cilacap a can?"

"To ya za ki yi?"

"Ina da farar tawada bokiti guda, yarinya. Da me kike tsammani nake buga baƙaƙen riguna?"

Faɗi ya fi aikatawa sauƙi. Harafin riga ya kai tafin hannu, na tarago kuwa bai kai ƙwayar shinkafa ba. Kuma kafin a zo nan, sai ta sami siffar haruffan daidai, don Sarwoko ba zai karɓi wadda ta ɗauko daga kwamfuta ba. Ta je tasha wajen Pak Dalijo, tsohon abokin aikin mijinta da ke gadin filin ajiye taragu, ya raka ta inda wani tsohon taragon mai ya daɗe a yashe cikin ciyawa. Ta hau kujera da zaninta, ta manna takarda shara-shara a jikin ƙarfen, ta bi gefen kowane harafi da fensir, rana tana dukanta.

"Bu Darsih, ashe ke ma cutar ta kama ki?" in ji Dalijo yana riƙe mata kujera.

"Riƙe da kyau, Pak. In na faɗo, kai za ka yi masa girki."

Ta dawo ta ɗauki hotonsu, ta sake zana su ɗaya bayan ɗaya a kwamfuta, ta rage girmansu sau tamanin da bakwai kamar yadda aka rage na taragun.

Daga nan aka shiga wahala ta gaske. Ƙyallen da take da shi idanunsa sun yi girma, haruffan suka fito da baki kamar an gutsura. Ta nemo mai ƙananan idanu, sai tawadar ta toshe su tun kafin ta ja sau biyu. Ta sirka tawadar, ta zama ruwa-ruwa, farin ya koma toka-toka a kan baƙi. Ta bar ta da kauri, cikin lambar takwas ya cike ta zama ɗigo. Ga damina ta kankama, takardar tana shan danshi tana nannaɗewa kafin a ɗora mata firam. Ta kwashe kofuna daga kabad ɗin gilashi, ta sa ƙwan lantarki a ciki, ta mayar da shi ma'ajiyar takarda. Da hantsi, in ta sallami masu katin biki, sai ta rufe ƙofar shago rabi, ta ɗora tabarau a kan tabarau, ta ci gaba.

Ƙungiyar su Sarwoko tana baje koli a Purwokerto duk shekara, kuma Darsih ta ci burin ya je da jirginsa. Ranar ta zo ta wuce ba ta da ko layi ɗaya mai kyau. Dalijo ya je, ya dawo yana ba da labari. Sarwoko ya saurara, da baƙon ya tafi ya ce:

"Bu, ki bari haka. Kin yi ƙoƙari. Idonki kike kashewa a banza."

"Idona ne ko naka?"

"An riga an yi bajen."

"An yi na bana."

Ta koma kan kwamfuta ta yi abin da ba ta so yi ba tun farko. Ta ɗan buɗa cikin kowane harafi, ta rage kaurin ƙafafunsu, don ta gane tawada tana bajewa kaɗan in ta sauka, sai ta bar mata wurin bajewa. Ta koyi jan robar sau ɗaya tak, da sauri, a tsaye, ta wanke ƙyallen nan take. Da rani ya shigo iska ta bushe, wata ranar Laraba ta ɗaga firam ta duba da gilashin ƙara girma. Takwas tana da idanunta biyu. Kowane harafi ya tsaya da ƙafarsa, fari tas.

Ba ta yi ihu ba. Ta bar shi ya bushe, ta fesa masa abin riƙewa, ta dafa abincin rana. Bayan sun ci ta share tebur, ta ajiye farantin ruwa, da hantsaki, da burushi, da tarago. Ta yanko layin lambobi ta tsoma, ta tura masa burushin.

"Sa masa."

Ya dubi hannunsa na dama da ke rawa a cinya. "Wasa kike da ni?"

"Na hagun fa? Ajiya kake yi da shi?"

"Ki sa da kanki. Aikinki ne."

"Ni na buga. Ban san inda lamba take zama a jikin tarago ba, kuma ba na son sani. In ka bari ta jiƙe da yawa, gam ɗin zai wanke, ka jawo mini asarar wata da watanni."

Ya yi tsaki ya ɗauki burushin da hagu. Ita ta riƙe taragon, ta kawo takardar kusa. Ya tura fatar, ta zame, ta naɗe a kan kanta ta lalace. Ya ajiye burushin.

"Kin gani."

"Na buga da yawa. Na san da wa nake aure."

Na biyu ya yage. Na uku ya sauka a karkace, amma wannan abin yana da wani alheri da fenti ba shi da shi: muddin da ruwa a ƙarƙashinsa, ana iya tura shi. Ya dinga taɓa shi da bakin burushi, kaɗan-kaɗan, yana cewa ta karkato taragon, ta ɗaga, a'a ta sauke, haba Bu, hannunki ne ke rawa ko nawa? Har layin ya zauna inda yake so. Ta ɗora auduga ta tsotse ruwan. Ya ɗaga taragon saitin taga, ya karanta lambar a bayyane. Ya ce da wannan taragon suka taɓa maƙalewa a Maos ranar da ruwa ya rufe dogo, ya shiga ba ta labarin da ta ji ya fi a ƙirga. Ta bar shi ya kai ƙarshe.

Shekarar da ta biyo sun je Purwokerto tare, shi da sanda, ita da kwali a ka. 'Yan ƙungiya suka sunkuya suna karanta ƙananan rubutun, har da na gargaɗin wuta da ranar duba birki. Wani likitan haƙori daga Tegal ya tambayi Sarwoko daga wace ƙasa ya yi odarsu. Sarwoko ya nuna ta da sanda, tana gefe tana cin soyayyen tempe.

"Ga kamfanin can. Amma ka yi hankali, manajan tana da faɗa."

Tun daga ranar aiki ya canza mata. Mutane suka fara turo hotunan tsofaffin taragu da kawunan jirgi, daga Bandung, daga Medan, har daga Ipoh, kowa da wanda ya hau yana yaro ko wanda ubansa ya tuƙa. Sarwoko ya zama mai duba aiki. Ba abin da ke fita daga shagon sai ya bi shi da gilashi, kuma yakan mayar da shafi guda saboda wutsiyar harafi ɗaya. Sun yi shekaru shida a haka kafin ciwon ya dawo ya ɗauke shi.

Wening ta so ta tafi da ita Surabaya. Darsih ta ce tana da aikin mutane a hannu. Ta daina katin biki gaba ɗaya, ta bar wa wata maƙwabciya. Yanzu abin da ya tsaya mata shi ne ruwan azurfa. Wani malamin makaranta a Madiun yana son tambarin gaban wani tsohon kan jirgi, kuma tawadar azurfa tana da ɓarɓashi da ke toshe ƙyalle fiye da fara. Ta lalata takarda ba kaɗan ba. Da malamin ya kira ya ce in abin ya gagara toka-toka ma ya ishe shi, sai ta tambaye shi ko toka-toka ne a jikin jirgin. Ya ce a'a. Ta ce to ya ƙara haƙuri, ta ajiye wayar, ta tafi tace tawadar da wani sabon ƙyalle.