Amanar Katanga

Da sunan Allah nake ɗaukar alƙalami, ina roƙonSa ya tsare ni daga ƙari da ragi.

A tsohon garin Yola, bayan unguwar Makama, akwai wani gida ginin laka wanda gwamnati ta sa cikin wuraren tarihi. Gidan wani malami ne na zamanin da, da zaurensa, da rijiyarsa, da ɗakin littattafai, sai doguwar katanga da ta kewaye su. A nan nake aiki tun gemuna yana baƙi. Ina zagawa da baƙi, ina karanta musu tsofaffin takardun ajami, ina kuma yaƙi da gara.

Har yau baƙo yakan tambaye ni, da tikiti a hannunsa, ina kuɗin ke zuwa. Nakan faɗa masa gaskiya. Gwamnati ce ke biyan albashinmu, na gyara kuwa wata shekara ya zo, wata shekara a ji shiru. Tikiti ne ke sayen maganin gara da tsintsiya da ruwan da baƙo zai sha. Hayar shagunan da ke bakin titi ita ke riƙe fitila. Amma katanga ba ta taɓa dogara da ko ɗaya daga cikinsu ba, ita da ke neman sabon yaɓe kafin kowace damina.

Tun zamanin mai gidan, ɗalibansa da suka watsu a garuruwa suka raba katangar a tsakaninsu, kowane gari da gefensa. Idan bazara ta yi, kowane gida a garin yakan ɗinke abin da ya samu cikin ’yar jakar fata kamar laya, don kada wani ya san abin da wani ya bayar. Sai a jera jakunkunan a kan doguwar ɗamara, a ɗaura wa dattijo ɗaya a ciki, ƙarƙashin riga. Muna kiran wannan amanar katanga. Sharaɗinta shi ne, da zarar dattijon ya hango katangar, ba ya magana, ba ya kwance ɗamarar, sai ya shiga zaure ya ajiye ta gaban mai kula da gida. Ko sallama aka yi masa, hannu yake ɗagawa. Malamai sun sha gardama a kan haka, ni dai haka na tarar.

Sai ga shekarar da garuruwan arewacin jihar suka faɗa hannun ’yan ta da ƙayar baya. Yola da Jimeta suka cika da masu gudun hijira. Baƙi suka ɗauke ƙafa, makarantu suka daina kawo ɗalibai. Abu yana fashewa a kasuwa, yana fashewa a tasha. Ni kaina na taya wankan gawar da aka kawo a buhu, sassanta ba su cika ba.

Kwamitin gidan ya zauna, ya ce ɗan abin da ya rage a sa shi a tsaro. Aka sallami tsohon mai gadinmu, wanda ya san fuskar kowane mai kawo amana. Aka ɗauko ’yan banga daga Jimeta, shugabansu wani maharbi mai faɗin ƙirji da muke kira Hamma, wato yaya. Aka saya musu sandar bincike mai kuka idan ta ji ƙarfe. Ba wanda ya ba su labarin amanar katanga. Garuruwan da ke aiko ta an ƙone su, wa zai yi zaton ɗan aike? Mai kula da gida kuma yana kwance ba lafiya, ni nake riƙe masa.

Daga cikin tsofaffin ma’aikata saura ni da mai sayar da tikiti, wata Kirista ’yar kudancin jihar da ke zaune a unguwar Gwadabawa ta Jimeta. Madam muke ce mata. Kullum tana bakin tagarta tana ɓare agushi, don ba mai saye.

“Modibbo,” in ji ta, haka take kirana da sunan malamai don tsokana, “yau ma aljanunka ne kawai suka zo ziyara. Ka gaya musu su riƙa yankar tikiti.”

Ranar da abin ya faru, da hantsi ne, ina ɗakin littattafai. Farkonsa Madam ce ta gani, ita ta ba ni labari. Wani dogon tsoho ne ya taho, ƙafafunsa naɗe da tsumma. Ɗaya daga cikin ’yan bangan ya kai masa sandar binciken, ta yi kuka daidai cikinsa.

“Baba, ɗaga rigarka.”

Tsohon ya ɗaga hannu, ya nuna zaure.

“Kurma ne kai? Na ce ka ɗaga riga!”

Ya kama tafiya. Ɗan bangan ya cafko shi, hannunsa ya taɓa abubuwa masu tauri a jere a kan ciki. Ya saki, ya kwarma ihu: “Bam! Bam ne a jikinsa!”

Wannan ihun na ji. Kafin in sa takalmi titi ya watse, sannan ya sake haɗuwa. Da mutane suka ga bai fashe ba, suka dawo da duwatsu, suna jifa daga nesa. Na fito na tarar dutse ya fasa masa goshi, jini ya rufe fuskar. Wani rabin bulo ya same shi a gadon baya, ya kife. Ya rungume cikinsa da hannu biyu, sai aka ce ga shi nan yana neman abin dannawa. Hamma ya ruga da gora mai ƙarfe a kai, ya sauke masa a damtse. Daga bakin zaure na ji ƙarar ƙashin. Da aka ga Hamma ya kusance shi bai mutu ba, sai kowa ya matso. Masu shagunan da muke karɓar hayarsu ne, da masu wanki, da wani mai kai ’yarsa asibiti da ya tsaya. Suna duka da katako, da sarƙar babur, da ƙafa. Wani bakanike ya mirgino taya, wani ya kawo fetur a jarka.

Ban gane fuskarsa ba. Abin da na gane shi ne bai yi ihu ba. Ana tattaka shi, haƙoransa a ƙasa, yana jan ciki da gwiwar hannu ɗaya, kansa na fuskantar zaure.

Na ɗaga murya na ce, “Amanar katanga ce! Ku bar shi!” Ba wanda ya san abin da nake nufi. Madam ta sani, ta daɗe tana ganin irinsu suna wuce tagarta ba tikiti. Ta watsar da agushin, ta kutsa tsakiyarsu, ta tsaya a kansa ƙafa nan ƙafa can.

“Madam, ki matsa, zai tashi da ke!” in ji Hamma.

“Ya tashi da ni ɗin! Kai da ka zo jiya, kai za ka gaya mini baƙon gidan nan? Dubi ƙafansa, sakarai!”

“An saye ta!” in ji wani daga baya. “Ku haɗa da ita!”

Ni ma na kutsa na same ta, sai aka watsa fetur. Ya jiƙa tsohon, ya jiƙa zanenta, ya shiga idona. Na durƙusa kusa da kunnensa na ce, “Bappa,” wato baffa, “ni ne mai karɓa. Na ɗauke maka sharaɗi. Kwance su gani, ko ka yi magana, kalma ɗaya.”

Ya girgiza kai. Na kai hannu ga rigarsa in yage, ya damƙe ƙullin ɗamarar da hannunsa mai lafiya, ya dube ni ta cikin jini. Na ga ba zai saki ba ko za a ƙone shi.

Na ce wa Madam ta kama ƙafafu. Na kama hammata. Muka ja shi, karyayyen hannun yana bin ƙasa. Katako ya sauka a kafaɗata, dutse ya tsaga wa Madam leɓe. Bakaniken ya ƙyasta ashana, ta mutu, ya zaro wata. A nan Hamma ya juya ya doke hannun bakaniken da gorarsa. Daga baya ya ce mini ba tausayi ba ne, ya ga dai mun rungumi mutumin ba ma tsoro, sai zuciyarsa ta tsinke.

Muka tsallaka dokin ƙofar zaure da shi. Ya jingina da bango, ya kwance ƙullin da yatsu da sauran haƙoransa, ya janyo ɗamarar ya tura gabana.

“Salamu alaikum,” in ji shi.

“Wa alaikumus salam. An karɓa, Bappa. Allah ya karɓa.”

Ba a buɗe jakunkunan a gaban jama’a, amma ran nan na keta al’ada. Na fito bakin ƙofa na yanka ɗaya da wuƙar fiƙe alƙalami. Tsabar kuɗi suka zubo, da ɗan kunnen mace. Na yanka wata, gyaɗa ce. Mutane suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya, kowa na kallon wani wuri. Tayar tana nan inda aka yar da ita.

Hamma ne ya ɗauke shi ya sa a keke mai ƙafa uku. Ni da Madam muka sa shi a tsakiya, kansa a cinyarta, Hamma ya zauna gefen direba, muka nufi asibiti a Jimeta. Tsohon da ya yi shiru ana kashe shi, yanzu ya ƙi rufe baki. Ya ce garinsu babu shi. Waɗanda suka tsira suna kan dutse, a can suka yanka takalmansu suka ɗinka jakunkunan. Shi ya sauko da ƙafa, yana bin daji.

“Gefenmu na gabas ne, wajen rijiya,” in ji shi. “Kada ku sa masa siminti. Na ji ’yan birni kuna son siminti.”

“Bappa, ka yi shiru, jini yana zuba,” in ji Madam.

“’Yata, na gama nawa shirun.” Ya yi tari, jini ya biyo. “Wane ne ya karya mini hannu?”

Hamma bai juyo ba. “Ni ne, Bappa.”

“Kana da ƙarfi. Ka zo ranar yaɓe, a ba ka kwaɓin ƙasa.”

Hamma ya kifa kai a kan ƙarfen keken.

A kan hanyar Yola zuwa Jimeta akwai shingen bincike, kuma dokar lokacin ita ce kowa ya sauka ya wuce da ƙafa, hannu a sama. Layi ya yi tsawo, mu kuma muna warin fetur, mutane na ja da baya daga gare mu. Hamma ya goya tsohon a baya. Na bi gefensa da hannuwana a sama, ina laƙƙana masa kalmar shahada. Ya maimaita, muryar tana ƙanƙancewa, har na daina jin ta sai motsin leɓe.

Da muka tsallake, keke ya iso, Hamma ya sauke shi a kan kujera a hankali. Madam ta kira shi, ta taɓa wuyansa, ta daɗe ba ta ɗauke hannu ba.

“Modibbo,” in ji ta, “me kuke cewa in haka ya faru?”

Na ce, “Inna lillahi wa inna ilaihi raji’un.” Na shafe masa idanu. Madam ta cire ɗankwalinta ta rufe masa fuska. A duk surutun da ya yi mana, ba wanda ya tuna ya tambayi sunansa.

Direba ya ce, “Malam, asibitin fa?”

Na ce masa ya juya, mu koma Yola.